Yadda Ake Gano Inda Matsala Take Idan Kwamfuta Ta Ƙi Haɗuwa da Rauta

Idan kwamfuta ta kasa shiga intanet ta hanyar Wi-Fi, abin da mai ita yake gani kusan iri ɗaya ne a kowane lokaci: shafi ya ƙi buɗewa, ko kuma alamar sadarwa da ke kusurwar allo ta sauya kama. Sai dai musabbabin ba ɗaya ba ne, domin kafin shafi ya bayyana sai abubuwa biyar sun daidaita a jere. Dole katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar ya kasance a kunne kuma yana aiki. Dole ya hango rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, ita kuma ta karɓe shi bayan ta gamsu da kalmar sirri. Dole rautar ta ba kwamfutar adireshi. Dole ita kanta rautar ta kasance tana da hanyar fita zuwa kamfanin da ke ba da intanet. Sannan dole a samu sabar da za ta mayar da sunan shafi zuwa lambar da na'urori ke ganewa. Kowanne daga cikin biyar ɗin yana da alamarsa, yana kuma da gwajin da ke tona shi.

Yawancin ɓata lokacin da ake yi wajen gyara yana faruwa ne saboda ana sauya saiti barkatai tun ba a san wace gaɓa ce ta tsinke ba, har matsala ɗaya ta haifi uku. Tsarin da za a bi a nan shi ne a gano wurin ciwon tukuna, a riƙa sauya abu ɗaya kacal a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba. Umarnin da za a kawo na Windows 10 da Windows 11 ne, amma inda Mac ko Linux suka sha bamban za a ambata.

Mataki na farko: a raba laifi tsakanin kwamfuta da rauta

Kafin a taɓa komai, a ɗauki wata na'ura, kamar wayar hannu, a kashe mata data ta layinta, a haɗa ta da rautar, sannan a buɗe shafin da ba a saba buɗewa ba. Kashe datar wajibi ne, domin wayoyi da yawa suna komawa kan layinsu a asirce da zarar sun ga Wi-Fi ba ya tafiya, sai mutum ya zaci rautar lafiyarta ƙalau. Idan wayar ma ta kasa, to kwamfutar ba ta da laifi, kuma ana iya tsallakawa kai tsaye zuwa mataki na biyu da na takwas. Idan wayar ta yi aiki, zargi ya koma kan kwamfutar ko kan yadda ita da rautar suke fahimtar juna.

Gwaji na biyu kishiyar na farko ne: a kunna rabon intanet, wato hotspot, a wayar, a haɗa kwamfutar da shi. Kwamfutar da ta shiga intanet ta wannan hanya katinta da direbanta, wato manhajar da ke sarrafa katin, suna aiki, saura a nemi abin da ya shiga tsakaninta da rautar. Idan akwai kebul na Ethernet, a jona kwamfutar da ɗaya daga cikin ramukan LAN na bayan rautar. Samun intanet ta kebul yana nuna cewa ɓangaren iska ne kaɗai ke da matsala. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa cin minti biyar, amma suna kawar da fiye da rabin abubuwan da za a yi ta lalube a cikinsu.

Yana da kyau kuma a tambayi kai abin da ya sauya kwanan nan: ko an sabunta Windows, ko an sanya sabuwar manhajar tsaro ko VPN, wato manhajar da ke karkatar da haɗin ta wata sabar daban, ko an canza kalmar sirrin rautar, ko an matsar da ita wani ɗaki.

Mataki na biyu: kashewa da kunnawa yadda ya kamata

A cire rautar daga wuta, a cire modem, wato na'urar da layin kamfanin intanet ke shiga, idan daban yake, a jira kamar daƙiƙa 30. A fara mayar da modem, a bar shi har fitilunsa su tsaya cak, sannan a kunna rautar a ba ta minti biyu. Dalilin wannan jeri shi ne rautar tana neman adireshinta na waje daga modem lokacin da take tashi, kuma idan ta riga shi farkawa wani lokaci takan zauna babu adireshi.

A ɓangaren kwamfuta, a zaɓi Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi mai suna Fast Startup, wanda ke adana halin da direbobi suke ciki idan an kashe kwamfuta, ya dawo da su yadda suke idan an kunna. Wato direban da ya sarƙe zai iya farkawa a sarƙensa. Restart ne ke loda komai daga tushe. A kula kuma kada a tsokani ƙaramin ramin da aka rubuta Reset a bayan rautar a wannan mataki. Aikinsa daban ne, kuma za a zo kansa a ƙarshe.

Mataki na uku: idan kwamfutar ba ta ganin kowace hanyar Wi-Fi

Jerin sunayen Wi-Fi da ya fito fayau, ko alamar Wi-Fi da ta ɓace gaba ɗaya, yana nuni ga katin kansa. A fara da duba ko yanayin jirgin sama a kunne yake. Laftof da yawa suna da madannin da ke kashe rediyon katin, galibi ɗaya daga cikin jerin F1 zuwa F12 mai hoton eriya ko jirgi, wanda ake dannawa tare da Fn, tsofaffi kuma sukan zo da ɗan makunni a gefe da hannu kan iya gogewa ba a sani ba. A Linux, umarnin rfkill list yana nuna ko an toshe katin ta manhaja ko ta makunni.

Idan duk wannan daidai yake, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, a buɗe sashen Network adapters, a nemi sunan da ke ɗauke da Wireless ko Wi-Fi ko 802.11, galibi na kamfanin Intel ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek. Kibiya mai kallon ƙasa a kan sunan tana nufin an kashe shi, sai a danna dama a zaɓi Enable device. Alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, tare da Code 10 ko Code 43 a cikin bayanansa, tana nufin direban ya kasa tayar da katin. A nan sai a zaɓi Uninstall device, ba tare da an sa alama a akwatin goge direban ba, a sake tayar da kwamfutar domin Windows ta girka shi sabo. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, madannin Roll Back Driver yana mayar da tsohon direban. Idan kuma sabo ake bukata, a sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta kebul ko ta wata na'ura, a guji manhajojin da ke tallar sabunta direbobi duka a danna ɗaya, domin ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa.

Akwai kuma wata hidima ta Windows mai suna WLAN AutoConfig wadda ita ce ke kula da nemo hanyoyin Wi-Fi da haɗawa. A buɗe services.msc, a tabbatar tana gudana kuma an saita ta ta riƙa tashi da kanta.

Mataki na huɗu: idan tana ganin na maƙwabta amma ba ta ganin nata

Wannan alama ce mai daɗi, domin ta nuna katin yana da rai. Abu na farko da ake zargi shi ne zango. Wi-Fi yana tafiya a kan zangon 2.4 GHz da na 5 GHz, sababbin na'urori masu Wi-Fi 6E kuma sun ƙara na 6 GHz. Tsofaffin katuna da masu araha da yawa 2.4 GHz kaɗai suka sani, don haka rautar da aka kashe wa wannan zango ba za ta taɓa bayyana a gare su ba. A buɗe Command Prompt a rubuta:

netsh wlan show drivers

A layin Radio types supported, idan 802.11b da g da n kawai aka gani, babu a ko ac ko ax, to katin ba ya jin 5 GHz, sai a kunna 2.4 GHz a rautar. Haka nan an san wasu tsofaffin direbobi, har da na wasu katunan Intel, da kasa ganin rautar da ke aiki da Wi-Fi 6 sai an sabunta su.

Abu na biyu shi ne tasha. A zangon 2.4 GHz, ƙasashe da yawa sun halatta tashoshi 1 zuwa 13, amma na'urorin da aka tsara don Amurka suna tsayawa a 11, saboda haka idan rautar ta zaɓi 12 ko 13 da kanta, irin wannan kwamfuta za ta makance mata. A zangon 5 GHz kuma, tashoshi daga 52 zuwa 144 ana raba su da na'urorin rada, kuma doka ta tilasta wa rauta ta saurara na ɗan lokaci kafin ta fara watsawa a kansu, ta kuma kauce idan ta ji rada. Mayar da rautar kan tasha 36 ko 40 ko 44 ko 48 yana kawar da wannan. Na uku, mai yiwuwa an ɓoye sunan hanyar, wanda a wannan hali sai an shigar da sunan da hannu, harafi da harafi. Ɓoye suna ba ya ƙara wani tsaro na a zo a gani, wahala kawai yake ƙarawa, kuma ya fi kyau a bayyana shi.

Mataki na biyar: tana gani, amma an ƙi karɓarta

Saƙon da Windows ke bayarwa a nan gajere ne, cewa ba za ta iya haɗuwa da wannan hanya ba, ba tare da faɗin dalili ba. Kalmar sirri ce kan gaba wajen haddasa hakan. Tana bambanta babban harafi da ƙarami, tsawonta a tsarin WPA2 daga harafi 8 ne zuwa 63, kuma sifili da harafin O, ko lamba 1 da ƙaramin harafin L, suna ruɗar ido a takardar da ke manne a jikin rauta. A danna alamar ido a ga abin da ake rubutawa, domin idan an sauya harshen kibod, alamomi irin su @ da # sukan koma wasu madannai. Idan akwai wata kwamfutar Windows da ke haɗe lafiya, wannan umarni zai nuna kalmar da take amfani da ita a layin Key Content:

netsh wlan show profile name="sunan hanyar" key=clear

Dalili na biyu shi ne tsohon bayani. Kwamfuta tana adana suna da kalmar sirri da nau'in tsaro na kowace hanya da ta taɓa shiga, kuma idan an sauya ɗaya daga ciki a rautar, za ta ci gaba da miƙa tsohon ana mayar mata. A shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, sai Manage known networks, a zaɓi sunan a danna Forget, sannan a haɗa kamar yau aka fara.

Na uku shi ne saɓanin nau'in tsaro. WPA2 ya fito a 2004 kuma kusan kowace na'ura ta san shi, WPA3 kuwa sai a 2018, don haka tsohon kati zai iya kasa shiga rautar da aka saita kan WPA3 zalla. Maganin shi ne a zaɓi gaurayen WPA2 da WPA3, ko WPA2 tare da AES idan gaurayen ma ya ƙi. Kada a koma tsohon tsarin tsaro na WEP komai matsi, domin an daɗe da fasa shi, kuma a kauce wa TKIP, wanda ban da rauninsa yana daƙile gudun haɗin zuwa 54 Mbps.

Na huɗu, wasu masu rauta suna kunna tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowane kati yake da ita. Idan kwamfutar tana amfani da Random hardware addresses, lambarta za ta bambanta da wadda aka yi wa rajista, sai a hana ta shiga. A kashe wannan zaɓi ga hanyar, ko a cire tacewar.

Mataki na shida: an haɗu, amma babu intanet

Nan ne aka fi samun ruɗani, nan ne kuma bincike mai tsari ya fi biya. A Command Prompt a rubuta ipconfig, a nemi sashen Wireless LAN adapter Wi-Fi, a duba layi biyu: IPv4 Address da Default Gateway. A yawancin gidaje da ofisoshi adireshin yana farawa da 192.168 ko da 10, kuma Default Gateway shi ne adireshin rautar, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1.

Idan adireshin ya fara da 169.254, kuma layin Default Gateway babu komai, ma'anarsa ita ce kwamfutar ta nemi adireshi daga rautar ta tsarin DHCP, ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. A Mac ana kiran wannan self-assigned IP. A sake nema da waɗannan umarni biyu, ɗaya bayan ɗaya:

ipconfig /release
ipconfig /renew

A Mac, madannin Renew DHCP Lease da ke sashen TCP/IP shi ke yin wannan aiki. Idan har yanzu 169.254 ke dawowa, a duba cikin rautar ko DHCP a kunne yake, da kuma ko adireshin da aka ware don rabawa bai ƙare ba, abin da kan faru a wurin da na'urori suka yi yawa. Akasin haka ma yana faruwa: kwamfutar tana riƙe da adireshin da aka rubuta mata da hannu a wani wurin aiki, wanda bai dace da wannan rauta ba. Umarnin ipconfig /all zai nuna DHCP Enabled da amsar No. A buɗe ncpa.cpl, a danna dama a kan Wi-Fi, a shiga Properties, sai Internet Protocol Version 4, a mayar da adireshi da DNS, wato sabar da ke mayar da suna zuwa lamba, duka su riƙa zuwa da kansu.

Idan adireshin daidai yake, sai a hau tsanin ping, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo ga wata na'ura ya jira amsarta, mataki uku, kuma kowane mataki yana amsa tambaya guda. Na farko shi ne ping zuwa adireshin rautar, misali ping 192.168.1.1. Amsa cikin 'yan milisakan tana nufin tsakanin kwamfuta da rauta babu matsala. Idan Request timed out ko Destination host unreachable ke fitowa, haɗin iskar ne bai ƙullu sosai ba, ko wata manhajar tsaro ta tare hanya. Na biyu shi ne ping 8.8.8.8, sabar Google, ko ping 1.1.1.1, ta Cloudflare. Idan rautar ta amsa amma waɗannan suka yi shiru, to hanyar waje ce ta yanke, kuma gyaran yana wajen rauta ko modem ko kamfanin intanet. Na uku shi ne ping da suna, kamar ping google.com. Idan lamba tana amsawa amma suna ba ya amsawa, an kama mai laifi: DNS ne, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba. A share abin da kwamfutar ta adana da ipconfig /flushdns, idan bai wadatar ba a rubuta 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a matsayin sabar DNS a sashen Internet Protocol Version 4 da aka ambata a sama.

Wani lokaci duk matakan uku suna amsawa amma burauza ta ƙi buɗe komai. A irin wannan hali a duba Proxy, wato sabar da ake sa ta tsaya tsakanin burauza da intanet, a cikin Network & internet, a kashe duk wanda ba a san dalilinsa ba, domin wasu miyagun manhajoji suna dasa shi. A kashe VPN gaba ɗaya, saboda da yawansu suna da tsarin toshe duk wata zirga-zirga idan haɗinsu ya faɗi. A duba kwanan wata da agogon kwamfutar, domin idan sun kauce sosai, shafuka masu https za su ƙi buɗewa da gargaɗin takardar shaida. A otal ko filin jirgi ko makaranta kuma, sau da yawa akwai shafin shiga da sai an amince da sharuɗɗansa kafin a saki hanya.

Idan duk wannan bai kai ga gyara ba, a buɗe Command Prompt da ikon Administrator, a gudanar da netsh winsock reset da netsh int ip reset, a sake tayar da kwamfutar. Abu na ƙarshe a ɓangaren Windows shi ne Network reset, wanda ke cire duk katunan sadarwa ya sake girka su. Yana share kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana, kuma yana iya sa a sake girka VPN, don haka a tanadi kalmomin kafin a danna.

Mataki na bakwai: haɗin da ke yankewa ko jan ƙafa

Wannan ya fi sauran wuyar kamawa saboda ba ya tsayawa a gan shi. A fara da auna ƙarfin sigina da lamba maimakon dogaro da sandunan alama. Umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna ƙarfin a kaso cikin ɗari, da tasha, da gudun haɗin. A Mac, riƙe madannin Option yayin danna alamar Wi-Fi yana nuna RSSI, wato ma'aunin ƙarfin sigina: kusan -50 dBm ƙarfi ne sosai, wajen -67 ya isa kiran bidiyo, daga -80 zuwa ƙasa kuwa sai yankewa. A bar ping -t zuwa adireshin rautar yana gudana, a zaga da laftof daga ɗaki zuwa ɗaki, a lura da inda amsoshi suka fara ɓacewa. Ctrl da C ke tsayar da shi. Idan ping zuwa rautar bai taɓa faɗuwa ba amma na 8.8.8.8 yana faɗuwa, Wi-Fi ba shi da hannu a ciki.

Mazaunin rauta yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A ɗora ta a sama, a fili, kusa da tsakiyar wurin da ake amfani da ita, nesa da ƙarfe, madubi, tankin ruwa da bangon kankare mai kauri. Zangon 5 GHz ya fi gudu kuma ya fi ƙarancin cunkoso, amma bango yana cinye shi da wuri, 2.4 GHz ya fi nisa, sai dai yana raba sarari da Bluetooth da tandun maikirowef, wanda ke aiki a kusan 2.45 GHz, har ma da hayaniyar da wasu na'urorin USB 3.0 ke fitarwa. A wannan zango tazarar da ke tsakanin tasha da tasha 5 MHz ce kawai alhali kowane watsawa yana cin kusan 20 MHz, shi ya sa tashoshi 1 da 6 da 11 ne ake zaɓa, domin su ne ba sa hawa kan juna. A ɗauki wadda maƙwabta suka fi ƙaurace wa, a kuma tsayar da faɗin tasha a 20 MHz.

Idan yankewar tana zuwa ne bayan kwamfuta ta farka daga barci, ko idan tana kan batir, a shiga Properties na katin a Device Manager, a sashen Power Management idan akwai shi, a cire alamar da ke ba Windows izinin kashe katin don tsimin wuta. Domin ganin tarihin abin da ya faru, umarnin netsh wlan show wlanreport, da ikon Administrator, yana haɗa rahoton kwanaki uku da suka wuce, da lokacin kowace yankewa da dalilin da aka rubuta mata.

Mataki na takwas: cikin rautar kanta

A rubuta adireshin Default Gateway a burauza, a shiga da suna da kalmar sirrin gudanarwa, waɗanda sau da yawa daban suke da kalmar Wi-Fi kuma ana samunsu a takardar jikin na'urar. A nemi shafin da ke nuna halin WAN ko Internet, wato haɗin rautar da waje. Idan adireshin waje 0.0.0.0 ne ko an rubuta Disconnected, a tabbatar kebul ɗin da ya fito daga modem yana cikin ramin WAN ba na LAN ba, a gwada wani kebul, a kuma duba fitilun: a na'urar faiba, jar fitilar LOS tana nufin hasken layin bai iso ba, kuma wannan aikin kamfani ne. A rautar da ke amfani da katin SIM, a duba ko kuɗin data bai ƙare ba da kuma ko saitin APN, wato sunan mashigar datar kamfanin layin, daidai yake. A duba ko akwai sabuwar manhajar rautar daga kamfanin da ya ƙera ta, a girka ta ta kebul, kuma kada wuta ta yanke ana cikin girkawa, domin hakan na iya kashe na'urar.

Sai bayan duk wannan ne ake zuwa ga ramin Reset. Danna shi da tsinke na kamar daƙiƙa 10 yana mayar da rautar yadda ta fito daga masana'anta: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, da bayanan shiga na kamfanin intanet duk za su tafi. Inda ake amfani da PPPoE, wato tsarin shiga layin kamfani da suna da kalmar sirri, rautar ba za ta sake samun intanet ba sai an shigar da suna da kalmar da kamfanin ya bayar, don haka a rubuta su, ko a ɗauki hoton kowane shafin saiti, kafin a danna. Bayan an gama, a sanya sabuwar kalmar gudanarwa, a kuma kashe WPS, tsarin haɗa na'ura ta madanni ko lambar PIN, wanda aka gano raunin lambar PIN ɗinsa tun 2011.

Idan ya zama dole a kira kamfanin intanet, a faɗa musu sakamakon gwaji kai tsaye: cewa na'urori biyu sun kasa, cewa rautar tana amsa ping amma 8.8.8.8 ba ya amsawa, da launin fitilun da ke ci. Wannan yana rage doguwar tambaya, ya kai maganar ga ma'aikacin da ya dace. Idan kuwa bincike ya tsaya a kan kwamfutar, tana kasa haɗuwa da kowace rauta ko da an sake direba, ko kuma siginarta ba ta ƙarfi sai an manna ta da rautar, a jona mata ƙaramin katin Wi-Fi na USB. Idan ya yi aiki nan take, katin ciki ne ya lalace ko siraran wayoyin eriyarsa, waɗanda ke bi ta maƙalar murfin laftof zuwa gefen allo, suka zame ko suka tsinke, kuma ana iya ci gaba da na USB ɗin har a samu mai gyara ya buɗe ta.